Shekara Bakwai Ina Yi wa Taguwa Kuka

A unguwarmu abu biyu aka san ni da su: warware lissafin kuɗin masallaci idan ya cukurkuɗe, da jin waƙar Larabawa. Na farkon ba ƙarya, da shi nake ci tun ina saurayi. Na biyun ne nake so in tona wa kaina asiri a kansa yau, tun kafin 'yata ta riga ni, don na lura bakinta ya soma ƙaiƙayi. Jama'a, ba na jin waƙar Larabawa. Kunnena yana ji, ƙirjina yana ji, tsigar jikina takan tashi, wani lokaci har da hawaye. Amma ka tsayar da ni a tsakiyar baiti ka ce, "Alhaji, me ya ce a nan?" to ka gama da ni, sai dai in yi gyaran murya in ce maganar tana da zurfi.

Ga iyakar Larabcin nawa, kada a ce na rage ko na ƙara. A makarantar allo na kai izu ashirin kafin boko ta janye ni. Na yi Ahalari, na yi Ishmawi, na shiga Iziyya ban fito ba. Ajurumiya sau uku ina ɗaukarta, duk ukun kuma a babin i'irabi muka yi sallama. Da wannan guzuri ina iya gaida Balarabe, in tambaye shi kuɗin dabino a kasuwar Madina, in ce ya yi tsada. Idan ya mayar mini da doguwar amsa sai in yi murmushi in biya.

Inda na ƙware shi ne kaɗa kai. Fanni ne mai zaman kansa, da ana ba da ijaza a kansa da tuni ina da almajirai. Ba a kaɗa kai a farkon baiti, wannan aikin sabon shiga ne. Jira ake yi sai mai rerawa ya zo gaɓar ƙarshe ya ja ta, sannan a lumshe ido, a sunkuyar da kai a hankali, a saki numfashi ta hanci. Idan akwai malami a wurin, girarsa ake kallo ta wutsiyar ido. Ta ɗaga, ka ce "Allahu Akbar" ƙasa-ƙasa. Ya yi murmushi, ka ce "Kai, Larabawa!" kamar wanda aka yi wa wayon da ya burge shi. Shekara talatin ina wannan sana'a ba a kama ni ba, ko kuma haka nake zato. Wani maƙwabcina ya taɓa turo mini ɗansa da takarda, wai in duba masa ƙasidar da aka ba su a makaranta. Na riƙe takardar na daɗe ina kallo, sannan na ce wa yaron ya je ya gwada kansa tukuna, karatun da aka tauna wa mutum ba ya zama. Washegari uban ya zo har gida ya yi mini godiya a kan wannan tarbiyya.

Abin ya samo asali tun ina ɗan shekara shida ko bakwai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan zauna a kan buzunsa bayan sallar asuba, fitilar ƙwai a gefe, ya buɗe Ishriniya. Ɗakinmu yana jikin turakarsa, katangar ƙasa ce tsakani, muryarsa takan ratso ta same ni cikin bargo. Sai da na girma na san cewa wani malamin Andalus ne ya yi ta, Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, kuma yabon Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Waƙoƙi 29 ne, kowane harafi da tasa, kowace waƙa baiti 20, daga nan sunan ya fito. Baitin yakan fara da harafin ya kuma ƙare da shi. Daga baya Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi, ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya zama ƙwar biyar, da wannan tahamisin ne kuma aka fi rera ta a ƙasar Hausa. Duk wannan a takarda na tsinta. A wancan lokacin abin da na sani kawai shi ne kowane harafi da irin garin da yake wayewa da shi.

Ranar da Baba yake kan mim gidan yakan yi tsit, don sai leɓe ya haɗu kafin a saki ƙarshen baiti, kamar ana lallashin wani ya yi shiru. Nun ta hanci take bi, ta daɗe tana amo a ɗaki bayan an wuce ta, irin na tasa idan an ƙwanƙwasa. Ƙaf dutse ce daga can ƙasan maƙogwaro, in na ji ta nakan ɗauka faɗa ake yi wa wani, in ƙara shigewa bargo ko da ni ne. Sin kuwa iskar hunturu ce ta ƙarƙashin ƙofa. Ban taɓa jin akwai abin da ya kuɓuce mini ba. Yaro ba ya tambayar hadari abin da yake nufi, ya dai san za a yi ruwa. Matsalar ita ce na yi gemu, gemun ya yi furfura, ban fito daga bargon ba.

Da na zama magidanci sai na riƙa zuwa zauren wani malami a cikin gari, Asabar da Lahadi bayan la'asar, inda ake karatun lugga. Littattafan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zaman zaure: Ishriniya, Burda ta Busiri, Daliyya, Maƙamatul Hariri, sai Shu'ara, wato waƙoƙin mutanen Jahiliyya. Tsarin Malam shi ne ya fara rera baitocin ranar gaba ɗaya, sannan mai littafi ya ja baƙi kalma-kalma shi kuma yana fassarawa. Rerawar nake zuwa ji. Da an ce "To, bismillah, ja," sai wayata ta sami dalilin fitar da ni waje. Kafin zuwan wayar hannu, kama ruwa ne yake fitar da ni.

Wata Lahadi ana kan ƙasidar Labidu, Malam yana rerawa, ni kuma na yi nisa idona a rufe, sai kunnena ya cafko kalmar da na tabbata na sani. Kafin in ankara na ce "A'uzu billahi!" da ƙarfin da ya sa na kusa da ni ya zabura. Malam ya tsaya.

"Alhaji, lafiya?"

"Allah gafarta Malam, na ji an ambaci kafiri."

"Dare ne, Alhaji. Rana ce ta faɗi."

Ya yi bayani a natse, ba tare da ya dube ni ba, cewa asalin kalmar rufewa ne. Dare yana rufe abubuwa, shi ya sa mawaƙin ya kira shi haka, har manomi ma ana kiransa da ita saboda yana binne iri. Almajirai suka sunkuyar da kai, wani yaro a baya ya shiga tarin da ba na mura ba. Sannan Malam ya ƙara da cewa, "Ka zauna a yi fassara, Alhaji. Yau in sha Allahu wayar ba za ta yi ƙara ba." A nan na gane shekarun nan duka dattijon yana sane, kara kawai yake yi mini.

Wannan duk wasa ne a kan abin da ya same ni da Ɗarafa. Shekara bakwai da suka wuce wani abokin aiki ya turo mini wata ƙasida a waya, wani mai murya kamar daga cikin rijiya yana karantawa, ba kiɗa ba komai. Ya ce ɗaya ce daga Mu'allaƙat, manyan waƙoƙin Jahiliyya, ta Ɗarafa ɗan Abdu. Ji ɗaya na yi mata ta kama ni. Ta zama abokiyar tafiyata a mota, kullum da safe in na shiga cunkoso sai in kunna. A farkonta na tsinci abu biyu da na gane: sunan mace, Haulatu, da wata kalma da na san tana nufin kufai. Shi ke nan na sami bakin zare. Mutum ya tsaya a kufan masoyiyarsa, sun tashi, ba kowa. Can gaba sai na riƙa jin wata 'yar kalma tana dawowa a farkon baitoci, wadda ɗan nahawun da na tsira da shi ya gaya mini ma'anarta "tana da". Tana da kaza, tana da kaza. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ce to, ga Haulatu nan ana zayyana ta.

Sai na gina ta da kaina. Doguwa ce, mai dogon wuya da dara-daran idanu, mai haƙuri, ba ta da yawan magana. Tun da kuma yau ranar faɗin gaskiya ce, ba Haulatu kaɗai ba ce a motar. Akwai wata yarinya a Fagge, zamanin da nake da gashi a ka, wadda na shekara biyu ina zuwa zance wurinta a kan keken aro, aka wayi gari an ba da ita ga wani mai shago a Kantin Kwari. Ban yi mata waƙa ba, ban iya ba. Sai ga wani Balarabe tun kafin zuwan Musulunci ya yi mini ita kyauta, ya kuma bar mini gurabe in cike. Duk inda mai karatun ya ce "tana da", sauran ni nake ƙarasawa. 'Yan adaidaita sahu da yawa sun leƙo ta taga sun ga dattijo da hula yana share ido a bayan sitiyari, wataƙila sun ɗauka farashin mai ne.

'Yata ta biyu, wadda aka sa wa sunan mahaifiyata don haka muke ce mata Ummi, tana aji uku a jami'a, sashen Larabci. Ran nan na ce bari in sauke ta a hanya. Na kunna abata kamar kullum, muka iso wurin da yake taɓa ni.

"Abba, lafiya? Wani abu ne ya faɗa maka a ido?"

"Ummi, ke yarinya ce. Wannan shi ne so tun kafin a lalata shi. Saurari yadda yake siffanta ta."

Ta saurara. Ta dube ni. Ta sa gefen hijabinta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Abba, taguwarsa ce fa."

Na dubi rigar jikina. "Wace irin taguwa?"

"Raƙuma, Abba. Raƙumarsa yake yabo."

Da ta sami numfashi ta yi mini dalla-dalla, a zangon da ya wuce suka yi ƙasidar. Zancen mace bai wuce baiti goma na farko ba. Daga nan Ɗarafa ya hau taguwarsa don ya kore damuwa, bai sauko daga zancenta ba sai bayan baiti wajen talatin. Cinyoyinta, haƙarƙarinta, gwiwoyinta, leɓenta, ƙoƙon kanta da ya kamanta da maƙera. Dogon wuyan nan da na daɗe ina begensa yana nan, ban yi kuskure ba, idanun ma suna nan. Mai su ce kawai na ɓata.

Na yi ta maza na ce, "Ai kinaya ce. Mawaƙa sukan ɓoye mace a cikin dabba."

"Abba, har jelarta ya siffanta."

Kafin ta sauka na saya mata katin waya na dubu biyu, na ce maganar ta tsaya a mota. Da daddare uwargida ta ajiye mini tuwo, ta gyara zama, ta ce, "Alhaji, ashe kishiyar tawa raƙuma ce. To Allah ya ba mu zaman lafiya, ni ba ni da matsala da ita, ta dai riƙa kwana a waje."

Kunya ta sa na yi niyyar tuba. Na shiga Kasuwar Kurmi na sayo Munjid, jibgegen ƙamus ɗin nan da kowane ɗalibin Larabci ya sani, wanda wani limamin Kirista ɗan Lebanon, Luwis Ma'aluf, ya fara fitarwa a Beirut a 1908. Ban san cewa ƙamus ɗin Larabci ba ya karɓar baƙo sai da ɗan gari ba. Kalma ba ta zama a ƙarƙashin harafin da ta fara da shi, sai ka tuɓe mata duk abin da aka ƙara mata ka gano tushenta, yawanci haruffa uku, sannan ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Don gwaji na nemi ittifaƙi, kalmar da ko a Hausa muna faɗa. Na duba alif babu, na duba ta babu, ashe tana can ƙarƙashin wawu tana jirana. Na kai wa Malam kuka, ya ara mini nasa, Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, wanda shi kuma da harafin ƙarshe na tushen yake jera kalmomi. A nan na ji cewa ita kanta kalmar ƙamus asalin ma'anarta teku, daga sunan wannan littafin ta bazu ta zama sunan kowane littafin kalmomi. Wanda ya raɗa sunan ya san irina za su zo su nutse.

Mako uku na yi ina fama, na fitar da baiti shida. Da na jera su a takarda sai suka zame mini ragon layya bayan an gama fiɗa. Ga hanta a wannan kwano, ga tumbi a wancan, kowane yanki na san sunansa, amma ragon da yake tsaye jiya yana kuka babu shi. Na rufe Munjid. Yanzu shi ne yake tokare ƙofar ɗakina idan iska ta taso.

Abu ɗaya na tsira da shi daga wannan tuban, shi ma a gefen hanya na tsince shi. Ummi ta bar littafinta na aruli a falo, na buɗe. Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra a ƙarni na 8, shi ne ya zauna ya auna waƙoƙin Larabawa ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16, waɗanda marubuta waƙoƙinmu na Hausa ma suka ɗora nasu a kan da yawa daga ciki. Sunayen da ya sa wa sassan waƙa duk daga tantin makiyayi ya ɗebo su. Baiti ɗaki ne, kalmar nan da muke ji a Baitullahi da baitulmali. Akwai igiya, akwai turke. Na yi dariya da na tuna masu nazarin waƙar baka a wurinmu su ma turke suke kiran abin da waƙa ta ɗauru a kansa, kowa dai da dabbarsa a ka. Na ga an rubuta cewa ƙasidar Ɗarafa a kan karin ɗawil take. Na ƙwanƙwasa shi a kan tebur da yatsa: gajere, dogo, dogo, sannan gajere, dogo, dogo, dogo. Na sake. A karo na uku yatsana ya tsaya da kansa, don na san wannan takun. Shi ne takun harafin alif na Ishriniya, wanda Baba ya fi maimaitawa. Shekara bakwai ina zaton yarinyar Fagge nake yi wa kuka, Ummi tana zaton raƙuma nake yi wa, ashe katangar ƙasar nan ce da fitilar ƙwai suke biyo ni cikin mota.

Sai na ga na sami mafaka. Na je gaida Gwaggo, ƙanwar Baba da ta rage, na kawo zancen a kaikaice, na ce ai mutanen da ma da zuciya suke jin waɗannan abubuwa, Baba ma wataƙila daɗin rerawar ne kawai. Ta ajiye carbinta. "Kai ɗan nan, ubanka sau biyu ya sauke Ishriniya da fassara a gaban malaminsa, yana dawowa daga kasuwa a gajiye. Kada ka laƙa masa lalacinka."

Ina da wasu hujjojin da nake lallashin kaina da su, na kuma san inda kowacce ta yage. Nakan ce ai garin nan kaf mun yi shekaru muna rera Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar, mun fito daga silimar Plaza idanu jawur, ba mai jin Indiyanci a cikinmu, har aka sami masu bege da suka ɗauki karin waƙoƙin suka zuba yabon Annabi a ciki. Gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya taɓa tura ɗansa wurin ɗan kallo ya duba masa aikin makaranta, ni kuwa na karɓi girman na sa a aljihu. Nakan kuma ce ai manyan da suka yi waƙa da Larabci a wannan yanki su ma ba da shi aka yi musu tawai a goye ba. Abdullahin Gwandu Bafulatani ne, ya tara ƙasidunsa a Tazyinul Waraƙat. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, Wolof ne harshen gidansu, ga Diwaninsa ana rerawa a Kano dare da rana, kuma ba duk mai hawaye a wurin ne zai iya yi maka i'irabin baiti ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma su Abdullahi shiga ɗakin suka yi, suka koyi ɗaure igiyar da kafa turken har suka gina nasu. Ni a bayan tanti na shimfiɗa tabarma. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabcin sarai, amma ta zauna ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, ta ba jajis, matan da ta horar, su kai wa matan ƙauye. Da daɗin amo ya wadatar a ganinta, da ba ta sha wannan wahalar ba.

Duk da haka ba zan yarda a ce abin da nake ji ƙarya ne ba. Mawaƙin da ya zaɓi ya ƙare baiti ɗari da harafi guda, ya ɗaure kansa da taku guda tun daga farko har ƙarshe, ai da kunne yake magana kafin hankali, kuma wannan rabon ya iso gare ni cif. Ummi ta san kowace kalma a sashen taguwar, ta ci jarrabawa a kansa, amma abin da take cewa shi ne, "Baiti talatin a kan raƙuma, Abba, mutumin nan ba shi da aikin yi." Ban taɓa ganin idonta ya kawo ruwa ba. In an haɗa ni da ita a buhu ɗaya, za a sami mai sauraro guda.

Abin kunyar na gaske ba a Larabcin yake ba, a Hausar yake. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, babu kalmar da ba na ji a cikinta. Tun muna yara makafi suke rera ta a ƙofar gida. Idan ta zo a rediyo yanzu, hannuna yakan kai ga maɓalli kafin a yi nisa. Tana zancen mutuwa da kabari da ruɗin duniya da harshen da uwata ta yi mini faɗa da shi, ba gurbin da zan cike da abin da na ga dama. In na saurara sai in tuna bashin da na yi shekara ina cewa gobe, in tuna ƙanena da muka shekara biyu ba ma gaisawa a kan gonar gado. Ɗarafa bai taɓa ce mini in je in gaida ƙanena ba. Mai yiwuwa ma ya faɗi abin da ya fi haka zafi, an ce ƙarshen ƙasidar cike yake da zancen mutuwa da zaluncin dangi, amma da yake ba na ji, sai mu rabu lafiya kullum a bakin ofis. Na fi son waƙar da za ta sa ni kuka ba ta aike ni ko'ina ba.

Watan jiya Ummi ta ba ni labarin yadda Ɗarafa ya ƙare, kamar yadda masu ruwaya suka kawo. Ya yi wa Amru ɗan Hindu, sarkin Hira, zambo. Sarki bai nuna fushi ba, ya ba shi wasiƙa a rufe da hatimi, ya ba kawunsa Mutalammis irinta, ya ce su kai wa hakiminsa na Baharain, suna zaton kyauta ce a ciki. A hanya kawun ya yi shakka, ya sami wani yaro mai karatu ya buɗe masa tasa, aka ga umarni ne a kashe mai ɗauke da ita. Ya jefa ta a kogi ya gudu Sham. Ya roƙi Ɗarafa ya buɗe tasa, ya ƙi. Ya kai ta da hannunsa a rufe, aka kashe shi bai cika shekara talatin ba.

Ta gama ba ta ce komai a kai ba, yarinyar tana da kunya in ta ga dama. Sai ta ce, "Abba, Ishriniyar Kaka tana nan a gafakarsa a saman kabad, na ga har da rubutunsa na ajami a gefen shafi. Ka sauko da ita in karanta maka harafin alif da fassara. Baiti ashirin ne kawai."

Na ce ranar Asabar. Asabar huɗu ke nan. Ta farko an yi ɗaurin aure, ta biyu lissafin masallaci ya cukurkuɗe, sauran biyun ban ma nemi dalili ba.

Yau da safe cunkoso ya tsayar da ni kusa da Ƙofar Mazugal, mai muryar rijiya yana daidai wurin "tana da", sai ga wasu mutane sun koro raƙuma uku ta gefen titi, da alama kwata za a kai su. Ta tsakiyar taguwa ce. Ta zo daidai tagata ta tsaya, ta sauko da kai daga can sama ta dube ni da idon nan mai dogon gashi, tana tauna abin da ba ta gaya wa kowa ba. Na rage gilashi na ƙare mata kallo tun daga leɓe har jela. Wuyan nan dai, tsakani da Allah, ya isa a yi masa baiti. Ban san hanya ta buɗe ba sai da ɗan adaidaita na bayana ya danna oda ya leƙo ya ce, "Baba, in sayen ta za ka yi ka gyara fakin mana!"